Ɗigon da Ya Rabu Biyu

Shekara ashirin da huɗu ke nan ina ɗinka wa Yayata kaya, ban taɓa sa mata zif na ƙarfe ba. Maɓallin roba nake sa mata, ko igiya, ko in buɗe wuyan rigar ta zura kai kawai. Ba ta sa ɗan kunne, ba ta ɗaura agogo, ko fil ɗin kama mayafi ba ya kwana a jakarta. Masu kawo mini ɗinki sun sha tambayata ko gudun duniya take yi. Sai in ce musu a'a, maganaɗisu take yi wa aiki.

Ita ce babba a gidanmu, ni ce auta. Tsakaninmu akwai maza uku, amma ba za su shigo labarin nan ba, don ba su tsinana komai a cikinsa ba. Da ta gama sakandare ta yi ɗan kwas na aikin ɗakin bincike, aka ɗauke ta a jami'a tana wanke kwalabe. Har yau in aka tambayi Inna aikin 'yarta, cewa take yi, “Tana can gidan macizai tana wanke-wanke.” Mun gaji da gyara mata mun bari.

Ɗakin nasu yana ƙasan wani dogon gini, a ƙarshen baranda, bayan inda ake jibge karyayyun kujeru. Sau ɗaya ta taɓa shigar da ni, shi ma sai da ta lalube ni a bakin ƙofa. Ta zare almakashi daga jakata, ta cire allura uku daga bakin hannun rigata, ta sa na ajiye makullin shago a kan tebur. A tsakiyar ɗakin ga wata ƙatuwar farar tukunya tsaye a kan ƙafa uku, ta fi ni tsawo nesa ba kusa ba, an kewaye ta da jan layi a ƙasa. Maganaɗisun yana cikinta. Ba ya motsi, ba ya ƙara, amma in ka ƙetare layin nan da ƙarfe a jikinka zai fizge shi, in ka ƙi saki ya haɗa da kai.

Ta buɗe firji ta ɗauko wata siririyar kwalba, kaurinta bai kai na fensir ba. A ƙasanta akwai ɗan ruwa garai-garai da bai cika rabin ƙaramin cokali ba.

“Kin ga wannan, Auta? In ya shiga jinin mutum, fatar idonsa ce za ta fara sauka kamar mai jin barci. Sai harshe ya yi nauyi. Sai numfashi ya tsaya.”

Ban san lokacin da na koma bakin ƙofa ba. Daga can na saurari sauran bayanin.

Wai dafin maciji ba abu ɗaya ba ne, tarkace ne iri-iri a haɗe. Su sun tace sun ware guda ɗaya, wani furotin da ke zuwa ya toshe daidai wurin da jijiya ke ba tsoka umarni. Masu neman magani suna so su ƙera abin da zai cafke shi kafin ya isa can, amma ba a cafke abin da ba a san siffarsa ba. Shi kuwa don ƙanƙanta babu madubin da ke nuna shi. An dai san sarƙa ce mai gaɓa sittin da biyu, ta naɗe ta zama kamar tafin hannu mai yatsu uku. Yadda yatsun suke tsayawa a cikin ruwa, kamar yadda suke a jikin mutum, shi ne abin da ake nema.

Sai a zura kwalbar ta saman tukunyar nan, a bar ta kwana biyu ko uku. Na ɗauka hoto injin zai fito da shi. Ina! Ɗigo-ɗigo ne kawai a kan faffaɗar takarda, ɗaruruwa, kamar ƙudaje sun yi taro sun watse. Kowane ɗigo yana cewa ne, gaɓa kaza da gaɓa kaza suna kusa da juna. Amma ba ya faɗin sunayen gaɓoɓin, sai mutum ya zauna ya gano da kansa. In aka tara awo kamar ɗari bakwai, sai a ba kwamfuta ta haɗa siffar. Nan ne na gane, don ni ma an sha aiko mini da awon mutumin da ban taɓa gani ba a ce in ɗinka. Kuma na san in aka rubuta awon kafaɗa a wurin awon ƙugu, riga za ta fito, amma ba ta mai ita ba.

Wani tsohon ma'aikaci ne ya koya mata karatun ɗigon, wanda suke kira Baba Injin. Ya ga tana leƙen takardunsa in ta zo kwashe kwalabe, ya miƙa mata fensir da rula ya ce ta gwada. Ya rasu tuntuni. Tun daga lokacin ɗalibai nawa suka zo suka yi digirinsu a kan takardun da ta karanta, suka zama daktoci, suka tafi, ita tana nan. Su a kwamfuta suke duba nasu. Ita kuwa sai ta buga a takarda ta shimfiɗa a kan tebur biyu da ta haɗa, ta bi sarƙar gaɓa bayan gaɓa da fensir, leɓenta yana motsi. Shi ya sa suke kiranta Mai Fensir. In ɗalibi ya kafe a kan ɗigo, Farfesa, shugaban ɗakin, cewa yake yi, “Je ka wurin Mai Fensir. Abin da ta ce shi ne.”

Ga abin dariya: matar nan ba ta taɓa taka ɗakin da ake ajiye macizan ba. An ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Yaya ba a taɓa saran ta ba, amma ta taɓa tsallake teburin yankana saboda tef ɗin awo da ya faɗo daga ƙusa. Mutumin da ke tatsar dafin in ya kawo sai ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, “Mai Fensir, mutanenki suna gaishe ki.” Ta ce, “Ina amsawa daga nan.”

Shekara uku ta yi a kan dafin wani maciji da ba a taɓa auna nasa ba. Da aka gama, Dogo, wanda ke digirin dakta kuma shi ke kula da kwamfutar, ya haɗa siffar, sai ga abin mamaki. A duk 'yan uwan wannan furotin da aka sani, yatsu ukun a miƙe suke. Wannan kuwa yatsansa na tsakiya ya lanƙwasa ya taɓa na uku. Farfesa ya yi ta zagaya tebur yana neman tabaraunsa alhali suna kan goshinsa. A ranar ya ce wannan aiki za a kai shi babban taron masana na shekara, kuma ba shi zai gabatar ba, ba Dogo ba.

“Wadda ta karanta ɗigon ita za ta tsaya ta faɗa,” in ji shi.

Ku gane, saura wata biyar ta yi ritaya. Sau goma sha ɗaya tana zuwa taron nan, tana riƙe naɗaɗɗun takardu, tana zaune a layin baya kusa da ƙofa. Ba ta taɓa hawa dandamali ba. Yanzu an ba ta minti goma sha biyar, na farko kuma na ƙarshe. Da ta zo shago tana gaya mini, ta kasa zama wuri ɗaya, mace mai jika biyu. Na rufe keken ɗinki na bar aikin mutane, muka tafi zaɓen yadi. Shuɗi mai duhu muka ɗauka. Na ce mata wannan karon babu maganaɗisu a zauren taro, don haka sai na sa zif, na ƙarfe, mai ƙyalli, in huce takaicin shekara ashirin da huɗu.

Saura kwana tara a tafi ta zo gwajin riga. Tun daga sallamarta na san ba lafiya. Ta zauna a kan benci, ba ta ko kalli rigar da ke rataye ba, ta warware takardu biyu a kan teburin yanka ta danne su da dutsen guga.

“Auta, duba nan. Ɗigo nawa kika gani?”

“Ɗaya. Ƙato.”

“Nan fa?”

“Biyu. Ƙanana.”

“To, wuri ɗaya ne. Kwalba ɗaya ce.”

Ashe Baba Injin ya bar mata wata ƙa'ida: kada ka yarda da ɗigo sai ka gan shi a zafi biyu. In aka ɗan ɗumama ruwan, ɗigon sukan gusa, kowanne da irin tafiyarsa, wanda ya ɓuya a bayan wani sai ya fito. To, abin da ke ɗumama kwalbar a cikin injin ya lalace fiye da shekara uku, ana ta jiran kayan gyara, sai aka yi dukan aikin a zafi ɗaya. Makon da ya wuce aka gyara. Babu wanda ya sa ta, aiki ya riga ya kammala, an ma buga sunan jawabin a jadawalin taro. Sabo ne kawai ya sa ta zura kwalbar ta ƙara zafi digiri goma. Sai ƙaton ɗigon nan, wanda ta karanta a matsayin shaidar cewa kan yatsan tsakiya yana taɓa na uku, ya rabu biyu. Maƙwabta ne biyu na kusa da suka hau kan juna, babu ruwansu da yatsa na uku. Kuma a kan wannan ɗigon ta ɗora karatun wasu huɗu. Duka biyar ɗin suka zube.

“Yatsan bai lanƙwasa ba,” ta ce. “Ni na lanƙwasa shi da fensirina.”

“Wa ya sani?”

“Ni. Sai ke yanzu.”

Ba zan yi ƙarya ba, abin da ya fara zuwa bakina shi na faɗa. “Yaya, a bar kaza cikin gashinta. Ki je ki yi jawabinki, a tafa miki, ki yi ritayarki. In ya so bayan shekara biyar wani ya gano, lokacin kina gida kina goyon jikoki. Ni nan da kike gani, karkataccen ɗinki nawa na ɓoye a cikin shafi? Waye ya mutu?”

Ta dube ni irin duban da take yi mini tun ina yawo babu takalmi. “Ke in kin ɓoye naki, riga ce ta karkace. Ni in na ɓoye, wata baiwar Allah za ta zauna shekara uku tana ƙera abin da zai kama lanƙwasasshen yatsa, alhali yatsan a miƙe yake. Can kuma ana ta sarar mutane a gona.”

Haushi ya kama ni, kuma ban san wa nake jin haushi ba, ita ko injin ko marigayi Baba Injin da ƙa'idarsa. Ta naɗe takardunta. A bakin ƙofa ta tsaya ta ce, “Wallahi ina so in hau dandamalin nan, Auta. Ina so ƙwarai.” Hawaye ne a idonta, ni kuwa rabon da in ga hawayen Yaya tun rasuwar Babanmu.

Washegari da safe ta shiga ofishin Farfesa ta shimfiɗa masa takardun. Dogo ne ya ba ni labarin daga baya, don yana wurin. Ya ce Farfesa ya daɗe yana kallon ɗigon nan biyu, sannan ya cire tabarau ya ajiye.

“Mai Fensir, ba a fafe gora ranar tafiya. Me ya kai ki sake aunawa?”

“Ranka ya daɗe, injin ya gyaru ne.”

“Kin san abin da wannan yake nufi?”

“Na sani.”

Dogo ya cire awo biyar ɗin nan ya sake ba kwamfuta. Kafin a tashi aiki siffa ta fito, yatsu uku a miƙe zar, kamar na sauran 'yan uwansa. Aiki ne mai kyau, tsaf, amma babu abin mamaki a cikinsa. Shi kansa Dogo babi guda na kundin digirinsa ya tafi a ruwa. Ya ce mini ya yi kwana biyu ba ya iya gaishe ta, ranar ta uku ya zo ya zauna kusa da teburinta ya ce ta koya masa yadda ake bi da fensir.

Farfesa ya ce zai rubuta wa masu shirya taro a janye jawabin, a ce an samu uzuri. Nan ne Yaya ta yi abin da ban taɓa zaton za ta iya ba, macen da ko a taron dangi sai an yi da gaske take buɗe baki.

“Ranka ya daɗe, in ka yarda kada a janye. Zan je in nuna musu yadda na yi kuskuren.”

“Wa kika taɓa gani ya hau dandamali yana tallan kuskurensa?”

“Ban taɓa gani ba. Sau goma sha ɗaya ina zuwa, kowa nasarar da ya yi yake faɗa. Da wani ya taɓa faɗin irin wannan, da na jira an gyara injin.”

Wai sai da ya zagaya tebur sau uku. Ya ce, “In suka yi miki dariya, da ni za su haɗa.” Ta ce haka ne. Ya ce to, Allah ya sa mu ji alheri, ta je ta shirya.

Ni ma na bi su. Babu wanda ya gayyace ni, cewa na yi kalmasar rigar tana bukatar a duba ta a can, kuma babu mai musu da tela. Zauren ya ɗauki mutum kamar ɗari biyu, sanyin na'ura kamar a firjin Yaya. Na zauna a layin baya kusa da ƙofa. Mutum huɗu suka yi jawabi kafin ita, ban fahimci ko kalma ba, na dai lura kowa in ya gama ana tafi sama-sama, rabin zauren suna latsa waya.

Aka kira ta. Ta hau, shuɗiyar rigar ta zauna mata ɗas, wannan kam ba yabon kai ba ne. Ta sa hoton farko a allo, hannu mai yatsu uku, na tsakiya a lanƙwashe.

“Wannan ita ce siffar da aka rubuta a jadawali cewa zan nuna muku,” ta ce. “Ba daidai ba ce. Ni na yi kuskuren, kuma zan nuna muku inda na yi shi.”

Wayoyi suka sauka. Wani a gabana ya yi 'yar dariya ta hanci, na dafa bayan kujerarsa da ƙarfi har ya waiwayo. Farfesa yana layin gaba, ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa.

Ta nuna ƙaton ɗigon. Ta nuna yadda ta bi sarƙar ta iso gare shi, da dalilin da ya sa duk wanda ya bi hanyar nan can zai ɓulla. Tana cikin bayani sai ta koma Yayar da na sani a kan teburinta, har ta manta da sandar nuni ta zaro fensir daga aljihu tana nuna allo da shi. Sai ta sa hoto na gaba, ɗigo biyu. Sai na ƙarshe, yatsu uku a miƙe. Ta gama saura minti biyu, ta ce na gode.

Babu wanda ya tafa. Na ce a raina shi ke nan, an ci mutuncin Yayata a gaban duniya.

Sai wata dattijuwa mai furfura ta miƙe daga layi na biyu. Na ji na kusa da ni yana raɗa wa abokinsa cewa rabin mutanen zauren nan littafinta suka karanta. Ta karɓi makirufo ta ce:

“Shekara shida da suka wuce ni da ɗalibaina mun buga siffar wani ɗan uwan wannan furotin. Namu ma akwai gefen da ya lanƙwasa. Mun yi murna ƙwarai. Tun daga lokacin ƙungiya biyu sun yi ƙoƙarin ƙera abin da zai kama shi, sun kasa, mun rasa dalili.” Ta dubi Yaya. “A zafi ɗaya muka auna. Malama, digiri nawa kika ƙara?”

Yaya ta waiga bayanta, ta ɗauka da wata ake. Da ta ga babu kowa a dandamalin sai ita, ta matso kusa da makirufo.

“Goma, ranki ya daɗe. Amma kada a yi gaggawa. In an ƙara, a bar kwalbar ta zauna rabin awa ruwan ya daidaita, sannan a auna. In bai rabu ba a rage goma daga inda aka fara, wani ɗigon sanyi ne ke raba shi.”

Dattijuwar ta zauna, ta buɗe littafinta ta fara rubutawa. Na kusa da ita ma ya jawo biro. Daga layin baya inda nake, na ga kawuna suna sunkuyawa layi bayan layi, masu furfura da masu sanƙo, daktoci da farfesoshi, har da mai dariyar hancin nan, kowa yana rubuta abin da Yayata ta faɗa. Ita kuwa tana tsaye da fensir a hannu tana jira su gama, don ta ga wasu hannuwa uku a sama.

Na sa bakin mayafi na rufe fuskata na yi kuka, ban damu da wanda ya gan ni ba.